Tambaya da Amsa: Me ya haɗa ciwon hanta da karayar ƙashi?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Ni malamin makaranta ne a Argungu. Mahaifiyata, mai shekara 56, tana fama da ciwon hanta nau'in B. Shekara 7 ke nan da aka gano shi, kuma kullum tana shan ƙwayar tenofobir. Likitoci sun ce hantar ta riga ta motse. Kimanin shekara biyu ke nan idonta yana yin ɗorawa, ya lafa ya dawo, ga ƙaiƙayin jiki da ke hana ta barci, fitsarinta kuma kamar ruwan shayi. A daminar da ta wuce ta zame a bakin rariya wajen alwala, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye, alhali faɗuwar ba ta taka kara ta karya ba. Mai ɗori ya ɗora, amma sai da aka yi kusan wata uku kafin ya kama. Yanzu kuma bayanta ke ciwo, ta fara ranƙwafawa, mu da kanmu muna ganin tsawonta ya ragu. A gida wasu na cewa sanyin ƙashi ne, wasu tsufa, wasu har sun kai ga sammu. Likitan da ya duba ta ya ce hantar ce ta ci ƙashin, amma layi na da tsawo, ban samu damar neman ƙarin bayani ba. Don Allah me ya haɗa hanta da ƙashi? Ko maganin da take sha ne, mu dakatar da shi? An kuma ce mu riƙa ba ta romon ƙashi da jiƙon sassaƙen maɗaci.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri kan wannan ɗawainiya. Zan fara da abin da ba ya jiran dogon bayani: kada ku dakatar mata da tenofobir, ko na kwana biyu ne, sai da izinin likitanta. Ƙwayar cutar hanta nau'in B kwanciya take yi a ƙarƙashin magani, tana nan da ranta. Idan aka janye maganin tana iya tasowa da ƙarfi, hantar da ta riga ta motse kuwa ba ta da rarar ƙarfin da za ta jure irin wannan tashin. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin da kake yi wa maganin, zan dawo kansa a gaba, amma gyaransa a hannun likita yake.

Maganar abokin aikina daidai ce, taƙaita ta kawai ya yi. Don a gane ta sai mun fara gyara yadda muke kallon ƙashi. Yawancinmu ƙashin da muka sani shi ne na cikin tukunya, ko wanda aka yar a bayan mahauta ya bushe kamar dutse. Na jikin mai rai daban yake. Jini na ratsa shi, yana jin ciwo, kuma dare da rana aiki ake yi a cikinsa. Ka san ginin ƙasa. Katangar da ta shekara hamsin a tsaye ruwa na cinta kamar kowace katanga, abin da ya riƙe ta shi ne duk bayan damina ana kankare inda ya lalace, a kwaɓa sabuwar ƙasa, a yi yaɓe. To a cikin ƙashi akwai ƙwayoyin halitta iri uku da ke wannan aikin. Na farko su ne masu kankara, a likitance ostiyokilas. Sukan lafe a jikin ƙashi, su zubo ruwa mai tsami, su narkar da tsohon wuri. Na biyu su ne magina, ostiyobilas. Su ke biyo baya su shimfiɗa zaren furotin da ake kira kolajin, sannan kalsiyam da fosfet su zauna a kansa ya yi tauri. Na uku tsofaffin magina ne da gini ya rufe da su, ostiyosayit, kuma su suka fi yawa. Suna zaune a cikin ƙashi suna jin nauyin da ake ɗora masa, in wani wuri ya tsage su ne ke kiran ma'aikata. Da wannan aikin ake sabunta kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasusuwan baligi a kowace shekara.

Ka riƙe abu ɗaya a nan, domin shi ne ginshiƙin maganar. Masu kankara cikin 'yan makonni suke gama raminsu, magina kuwa sai sun yi wata uku zuwa huɗu kafin su cike shi. Duk abin da ya raunana magina, ko kaɗan ne, ramuka za su riƙa taruwa ba a cike ba. Mutum yana kaiwa ƙololuwar ƙarfin ƙashinsa wajen shekara 30, daga nan ajiya yake ci. Mace kuma idan al'ada ta ɗauke mata, sinadarin istirojin da ke riƙe linzamin masu kankara yana faɗuwa, sai kankara ta fi yaɓe yawa na tsawon shekaru. Masu cewa tsufa ne sun faɗi wani ɓangare na gaskiya. Amma shekara 56 kaɗai ba ta isa ta bayyana karaya daga ɗan zamewa, da jinkirin kamawa, da ranƙwafawa duka a cikin shekara guda ba. Akwai hannun hanta a ciki.

Hanta na haɗa ruwan maɗaciya, wajen rabin lita ko fiye a kowace rana. Ana tara shi a 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta, maɗaciya ko matsarmama, wadda mai gyaran kaza ke cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. In mutum ya ci abinci mai maiƙo, sai jakar ta matse ta zuba ruwan cikin hanji. Abu biyu ne a cikin wannan ruwa suka shafi maganarmu. Ɗaya shi ne bilirubin, launin da ke fitowa idan jajayen ƙwayoyin jini suka tsufa, bayan kwana 120 ko kusa da haka, aka farfasa su. Shara ce, hanta ke sarrafa ta ta zubar ta hanji, kuma ita ke ba bayan gida launinsa. Ɗayan kuma su ne asid na maɗaciya, masu aiki irin na sabulu a kwanon da ya sha mai: su ke tsinka maiƙo har hanji ya iya tsotse shi. Idan hanta ta gaza, ko hanyar ruwan ta toshe, asara biyu ake yi lokaci guda. Abin da ya kamata ya fita ya koma cikin jini, shi ne ɗorawar ido, da duhun fitsari, kuma ƙaiƙayin nan ma daga taruwar abubuwan maɗaciya yake. Abin da ya kamata ya isa hanji kuma bai isa ba.

Mu fara da wanda ya koma jini, domin shi ne ainihin tambayarka. A 1995 wasu masu bincike a asibitin Mayo da ke Amurka sun ɗebi ruwan jinin masu shawara, suka zuba shi a kan magina ƙashi da ake reno a ɗakin gwaji. Hayayyafar maginan ta ragu. Sai suka haska ruwan jinin da fitila don su lalata bilirubin ɗin da ke ciki, dabara irin wadda ake yi wa jariri mai shawara, suka sake gwadawa, hayayyafar ta farfaɗo. Wannan gwajin ya burge ni tun ranar da na fara saninsa, saboda sauƙinsa: an cire abu ɗaya, an ga bambanci. Daga 2010 zuwa gaba wasu likitocin hanta da na ƙashi a Basalona ta ƙasar Sifaniya suka zurfafa binciken. Suka nuna cewa bilirubin mai yawa na rage rayuwar magina, yana hana ƙananansu balaga su zama cikakkun ma'aikata, yana rage zaman kalsiyam a kan zaren da suka shimfiɗa, yana kuma tura wasunsu ga mutuwa tun lokacinsu bai yi ba.

Asid na maɗaciya ma ba duka ne masu lahani ba, amma akwai guda da ake kira litokolik, wanda ƙwayoyin bakteriyar hanji ke samarwa daga asid ɗin da hanta ta zubo. Lafiyayyar hanta na kashe masa dafi ta fitar da shi. A 2002 aka gano cewa yana iya shiga mazaunin da bitamin D ke shiga a cikin ƙwayar halitta. Ka ɗauka bitamin D makulli ne, maginin ƙashi kuma yana da kwaɗon da wannan makullin ke buɗewa. Litokolik na cusa kansa a ramin kwaɗon. Binciken Basalona ya nuna cewa idan yana nan, saƙon da bitamin D ke kai wa magina ba ya isa yadda ya kamata. Wato ko mutum na da bitamin D a jini, amfaninsa ga ƙashi na iya raguwa.

Waɗannan gwaje-gwaje a kan ƙwayoyin halitta aka yi su, a cikin faranti, amma abin da ake gani a jikin marasa lafiya ya yi daidai da su. Idan aka ɗebi ɗan ƙashin mai daɗaɗɗen ciwon hanta aka duba, abin da aka fi samu shi ne gini ya yi sanyi. In ciwon ya yi nisa sai kankara ma ta ƙaru. An kuma lura cewa tsananin taruwar ruwan maɗaciya da daɗewarta su ne manyan abin da ke nuna wanda ƙashinsa zai zaizaye. Saboda haka kada mai karatu ya tsorata don ya taɓa yin shawarar mako biyu ko uku ya warke, ko don jaririnsa ya yi shawara a makon haihuwa. Ta watanni da shekaru muke magana, irin ta Inna.

Sai asara ta biyu, ta hanji. Bitamin A, D, E da K a cikin maiƙo suke tafiya, in babu isasshen ruwan maɗaciya sai su wuce tare da shi. Maiƙon da bai narke ba kuma yana kama kalsiyam ɗin abinci ya fice da shi. Ka tambayi mai jinyar Inna ko bayan gidanta na yin fari-fari, mai maiƙo da wari sosai, domin alama ce da likita zai so ji. Bitamin K da aka fi sani da daskarar da jini yana da aiki a ƙashi ma, shi ke kunna wani furotin mai suna ostiyokalsin da magina ke samarwa. Bitamin D kuwa tafiya uku yake yi kafin ya yi amfani: fata ta haɗa shi da hasken rana, hanta ta yi masa gyaran farko, ƙoda ta kammala, sannan ya je hanji ya buɗe wa kalsiyam ƙofa.

Wani zai ce ai mu a Kabi rana ba ta yi mana rowa ba. Haka ne, sai dai mara lafiyar da ke yini a ɗaki ba ta samun rabonta. Akwai kuma abin da ya fi damuna. A 1999 an wallafa wani bincike da aka yi a Jos kan yara masu gwame da bakan ƙafa, aka ga cewa ba su kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su. Abin da hakan ke nuna mana shi ne a ƙasar nan kalsiyam ɗin ne ke ƙaranci a kwanonmu. Tuwon shinkafa, na dawa, na masara, duk suna cika ciki, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Matar da ta haifi 'ya'ya da yawa ta shayar da su a kan irin wannan cimar, ga ciwon hanta ya zo daga baya, ka ga ajiyar da ma ba ta da yawa.

Bayan ruwan maɗaciya hanta na da wasu hanyoyin da take taɓa ƙashi, zan ratsa su da sauri. Ita ke samar da mafi yawan wani sinadarin girma da ake kira IGF-1, wanda ke zaburar da magina, in ta motse sai ya ragu. Sinadaran jinsi na rikicewa: namiji mai motsattsiyar hanta testostiron ɗinsa na faɗuwa, mace kuma al'adarta na iya ɗaukewa da wuri, shi ya sa muke ganin magidanci ɗan shekara 45 da ƙashin tsoho. Kumburin da ke cin hanta shekara da shekaru yana sakin sinadarai a jini masu ingiza masu kankara. Ga rashin cin abinci, ga tsokar cinya da ta damtse na narkewa, ƙashin da tsoka ba ta ja kuwa rauni yake yi, kuma mai raunin tsoka shi ya fi faɗuwa. Giya da taba na ƙara wa wuta fetur ga masu shansu. Idan aka haɗa duka, kusan mutum ɗaya cikin uku na masu motsewar hanta na da zaizayar ƙashi, wadda ake kira ostiyoforosis. Mu likitocin hanta muna da laifi a nan. Idonmu na kan ruwan ciki, da aman jini, da sakamakon gwaji, sai mu manta da ƙashi har sai ya karye. Ni kaina na sha duba mara lafiya shekaru ban taɓa auna tsawonsa ba.

Ranƙwafawar nan ita ta fi tsaya mini a rai a wasiƙarka. Ƙasusuwan gadon baya cikinsu kamar saƙar zuma yake, ramuka ne da siraran ginshiƙai, kuma irin wannan ƙashin ne ya fi saurin sabuntawa, don haka shi ke fara zaizayewa. Kamar aikin gara ne a azara, waje lafiya lau, ciki ya zama gari. Wata rana mutum ya sunkuya ɗaukar bokiti, ko ya yi tari mai ƙarfi, sai ɗaya daga cikinsu ya lotsa ta gaba. In biyu ko uku suka lotsa, baya ya lanƙwashe, tsawo ya ragu. Karaya ce sosai, ko da ba a faɗi ba, kuma kusan biyu cikin uku na irinta ba a gano su a asibiti, ana ɗaukarsu ciwon baya ne kawai ko sanyi. Wanda ya yi guda kuwa haɗarin ta biyu ya ninka a kansa.

Duk da haka ba zan yarda a ce zaizaya ce a tsaya nan ba tare da hoto ba. Tarin fuka na kama ƙashin baya, kuma yana nan da yawa a cikinmu. Sankarar hanta, wadda mai nau'in B da motsewar hanta ke cikin haɗarinta, tana iya bazuwa zuwa ƙashi. Don haka a ɗauki hoton eksire na gadon baya ta gefe, a kuma yi sikanin ciki. Sikanin zai amsa wata tambayar da nake da ita: ɗorawa da ƙaiƙayi na shekara biyu daga gazawar hanta suke, ko kuwa wani abu ne ya toshe hanyar ruwan maɗaciya, kamar tsakuwa? Toshewa ana iya buɗe ta. Akwai kuma wata cuta da garkuwar jiki ke cin ƙananan hanyoyin maɗaciya a cikin hanta, wadda tara cikin goma na masu ita mata ne, yawanci masu matsakaicin shekaru, kuma ƙaiƙayi ne babbar alamarta. Gwajin jini ake yi a gano ta, likitanta zai duba ko ya dace. Da ma duk mai motsewar hanta ana so a yi masa sikanin duk wata shida. Idan kuwa kuka ga ƙafafunta sun fara sanyi ko dindiris, ko ta kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko zazzaɓi da zufar dare sun haɗu da ciwon bayan, to a ranar za ku kai ta asibiti, ba jiran ranar ganin likita.

Na'urar da ke auna ƙarfin ƙashi ana kiranta DXA, kuma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya maki 2.5 ƙasa da sifili, ko abin da ya fi haka ƙasa, shi ne zaizaya. Ba kowane asibiti ke da ita ba. Ku fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, in da buƙata su tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Amma rashin na'urar kada ya jinkirta magani. Mace mai shekarunta da ta karye daga tsaye, in hoto ya nuna lotsewar ƙashin baya, hujja ta cika. A gwajin jini a duba kalsiyam, fosfet, aikin ƙoda, da bitamin D in da hali, a duba fitsari ma. Hattara da abu biyu. In an ce kalsiyam ɗin jininta daidai yake, wannan ba shaidar lafiyar ƙashi ba ce, domin kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake, kuma jiki na kwasowa daga can ne ya daidaita na jini. Sannan akwai gwajin ALP da ke hawa a ciwon hanta da na ƙashi duka, sai an haɗa shi da wani mai suna GGT ake rarrabe daga inda ya fito.

Yanzu maganin. Tenofobir iri biyu ne. Tsohon, wanda ake rubuta TDF a kwalinsa kuma shi ya fi yawa a wurinmu, yana ɗan rage ƙarfin ƙashi, a wasu mutane kuma yana sa ƙoda ta riƙa zubar da fosfet a fitsari har ƙashi ya yi laushi. Dalilin da ya sa na ce a duba fosfet da fitsari ke nan. Akwai sabon, TAF, da kuma wani magani daban mai suna entekabir, waɗanda suka fi sauƙi ga ƙashi da ƙoda. Ga mai karaya irin Inna sauyi abu ne da ya cancanci a tattauna, likita ya zaɓa bisa matsayin hantarta da magungunan da ta taɓa sha, a sauya daga wannan zuwa wancan ba tare da giɓi ba. Ka ɗauki kwalin ka je da shi.

Ka kwashe ma duk wani abin da take sha, har wanda aka sayo a kemis ko a kasuwa. Firednisolon da dekzametason suna cikin manyan masu cin ƙashi, kuma mutane na shansu don ciwon gaɓoɓi, don ƙaiƙayi, ko don ƙiba, sau da yawa a cikin haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna. In ta daɗe tana shan irinsu, su ma ba a yanke su lokaci guda, a hankali likita ke janyewa. Furosemayid da ake bayarwa don kumburi na fitar da kalsiyam a fitsari. Don ciwon bayan kuma, ina roƙonka, kada a ba ta dikulofenak, ibufurofen ko firoksikam. Ga mai motsewar hanta suna iya jawo aman jini da tsayawar ƙoda. Farasitamol ya fi aminci in bai wuce giram 2 a yini ba, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500, a rarrabe.

Akwai magungunan da ke taka wa masu kankara birki. Alenduronet ana haɗiya sau ɗaya a mako, sai dai yana iya ƙona maƙoshi, masu motsewar hanta kuwa da yawa suna da kumburarrun jijiyoyin jini a hanyar abinci. Don haka sai an leƙa da na'ura an ga halin da suke ciki, in akwai matsala a koma ga na ƙarin ruwa da ake yi sau ɗaya a shekara, zoleduronet, in ƙoda na da lafiya. Kafin a fara kowanne sai an cike giɓin bitamin D da kalsiyam, an kuma gyara haƙoran da suka ruɓe. Akwai kuma urso, wani asid na maɗaciya mai laushi da ake ba masu cutar ƙananan hanyoyin nan da na ambata. A ɗakin gwaji an ga yana kare magina daga dafin bilirubin, amma a jikin marasa lafiya bai nuna yana ƙara ƙarfin ƙashi ba, don haka hanta ake ba wa shi, ƙashi na buƙatar nasa maganin.

Romon ƙashi abinci ne mai daɗi, in ba a cika masa gishiri ba ta sha, amma kalsiyam ɗin da ke fita cikin romo kaɗan ne ƙwarai, ko an kwana ana dafawa. Jiƙon maɗaci kuwa ban yarda da shi ba. Na san tunanin da ke bayansa, cewa ɗaci ke maganin shawara, na kuma san da kyakkyawar niyya ake kawo shi. Amma duk abin da aka sha hanta ce ke tace shi, kuma na ga mutanen da jiƙe-jiƙe da tsime-tsime suka kai hantarsu ƙasa cikin 'yan kwanaki. Abin da take buƙata wajen miligiram 1,000 zuwa 1,200 ne na kalsiyam a yini. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo na ba da kusan 300. Allah ya hore muku nono a Kabi, sai dai a tabbatar an tafasa madarar kafin a yi kindirmon, domin mai ciwon hanta ba ya jure ƙwayoyin cuta. Ku da ke bakin gulbi kuna da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya, su ma taska ce, a nemi wanda ba a zuba wa gishiri ba. Miyar kuka, zogale, riɗi da wake duk suna taimakawa. In tana da ruwa a ciki a rage gishiri, dunƙule da kanwa. Abin da abinci bai cike ba a cike da ƙwayar kalsiyam da bitamin D yadda likita ya rubuta.

Kada a hana ta nama, kifi da ƙwai. Wannan tsohuwar al'ada ta hana mai shawara duk wani abu mai gina jiki ta kwantar da mutane da yawa. Mai motsewar hanta ya fi mai lafiya buƙatar furotin. Ta riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma kafin ta kwanta ta sha wani abu, ko fura da kindirmo ko kunun gyaɗa, domin hantarta ba ta iya ajiyar da za ta kai ta asuba, in babu sai jiki ya koma cin tsokarsa. Saboda wannan dalilin maganar azumi ma sai an shawarci likita, addini kuma ya yi wa mara lafiya sauƙi.

A gida, ka je ka tsaya a inda ta faɗi ka duba da idonka. Gansakukar bakin rariya a kankare ta, a sa mata 'yar kujera ta zauna ta yi alwala, a sa abin dafawa a banɗaki, a bar fitila kusa da ita da dare, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe. Takalmin roba mai santsi a canja shi. Daka, surfe, jan guga da ɗaukar jika a baya, a karɓe mata su cikin girmamawa, domin iyayenmu mata ba sa son a nuna musu sun gaza. In ruku'u da sujada na tayar da ciwon ta yi salla a zaune. Amma kada a kwantar da ita, kwanciya na cin ƙashi da tsoka fiye da yadda ake zato. Ta riƙa zagaya tsakar gida da sanda safe da yamma, ta sha hantsi hannuwa da ƙafafu a buɗe na ɗan lokaci. Mai ɗori kuma, duk ƙwarewarsa, kada ya danna ko ya ja mata baya. In kun lura barcinta ya juye, tana yi da rana tana farkawa da dare, ko tana rikita magana, ku gaya wa likita, domin dafin da hanta ta kasa tacewa ne ke hawa kai, kuma yana cikin abin da ke kayar da masu ciwon hanta.

Kai da duk waɗanda Inna ta haifa ku je a gwada ku. Nau'in B na yawan wucewa daga uwa zuwa ɗa wajen haihuwa, rigakafinsa kuwa sai a 2004 ya shiga jerin alluran yara a Najeriya, ka ga mai yiwuwa ku an haife ku kafin nan. Binciken ƙasa na 2018 ya samu cutar a jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64. Wanda ba ya da ita a yi masa allura uku, mai ita a fara bibiyarsa tun hanta na da ƙarfi, matanku ma a gwada su, jariran da za a haifa kuma a yi musu allurar farko cikin awa 24. Kafin ku koma asibiti ka jingina Inna da bango ba takalmi, ka ja layi daidai kanta, ka auna da tef ɗin tela, ka rubuta tsawon da kwanan wata a bayan katinta, a riƙa maimaitawa duk wata shida.